Annabci Ne Ya Ƙare, Ko Ma'auni Ne Ya Ɓace?



Da takardar gayyata ta iso hannuna, na ga an ce in yi magana a kan baye-bayen Ruhu da hidimar annabci, ko suna nan a ikkilisiya har yau, ko kuwa sun tafi tare da manzanni. Na yi dariya ni kaɗai, domin wanda ya zaɓo wannan batu ya san abin da ya ƙulla: ko ta ina na ɓullo, sai na ɓata da rabin ɗakin nan. To, na karɓa. Roƙona ɗaya, a bari in kai aya kafin a fara jifa.

Ni ba a aji wannan tambaya ta fara cim mini ba. Shekarun baya, ina riƙe da wata ƙaramar ikkilisiya, wata mata ta tsaya bayan sujada har kowa ya watse. Shekararta shida da aure, ba haihuwa. Ta durƙusa ta ce, "Baba Fasto, na je wani wuri." Kun san abin da ake nufi da wani wuri. Ƙawarta ce ta kai ta kwanan addu'a wurin wani mai kiran kansa annabi. Ya tsayar da ita a tsakiyar jama'a, ya faɗi sunan ƙauyensu, sannan ya ce uwar mijinta ce ta ɗaure mata mahaifa. Tun daga ranar ta daina cin abincin tsohuwar, gaisuwa ma sai da ƙyar. Ta ce, "Baba, Allah ne ya yi magana, ko ba shi ba ne?"

Na ba ta amsar da aka koya mini a makaranta. Na ce annabci ya ƙare, Littafi ya cika, Allah ba ya ƙara magana ta wannan hanya. Ta ce to, ta yi godiya, ta tashi. A idonta na ga ba ta yarda ba. Mutumin ya faɗi sunan ƙauyensu, ni kuwa ban faɗi komai ba sai abin da na haddace. Ran Jumma'a da dare ta koma. Tun daga lokacin nake tambayar kaina abu biyu: ko amsar nan tawa gaskiya ce, kuma ko da gaskiya ce, me ya sa ba ta tsinana mata komai ba.

Kafin mu yi nisa, kalmar annabi kanta tana da nauyi a kunnen mai jin Hausa fiye da yadda take da shi a wasu harsuna. Muna zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda a wurinsu an rufe ƙofar annabci, kuma manyanmu ba su manta da Disamba 1980 a Kano ba, lokacin rikicin Maitatsine, mutumin da aka ce ya yi da'awar annabci, inda fiye da mutum 4,000 suka halaka. Saboda haka idan saurayi ya buga hotonsa a allon talla ya rubuta Annabi Wane, abin da kunnenmu yake ji shi ne sa'an Musa ko Ishaya. Alhali Sabon Alkawari yana amfani da kalmar ga mutane irin 'ya'yan Filibus mata huɗu a Kaisariya, waɗanda Ayyukan Manzanni sura 21 ta ce suna annabci, amma ko kalma ɗaya daga bakinsu ba ta shiga Littafi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Masu gardamar nan kashi biyu ne. Zan kira su 'yan ta-ƙare da 'yan tana-nan, kowa ya san gidansu. Ni a gidan 'yan ta-ƙare aka rene ni, kuma ba zan yarda a raina su ba, domin hujjarsu ba ta ragwaye ba ce. Suna cewa Afisawa 2:20 ta kwatanta manzanni da annabawa da harsashin gini, harsashi kuwa sau ɗaya ake zuba shi, ba a sake zuba wani a kan rufi. Suna cewa 2 Korintiyawa 12:12 da Ibraniyawa 2:3-4 sun nuna alamu da al'ajibai hatimi ne da Allah ya buga a kan shaidar manzanni. Suna kuma nuna cewa Bulus ɗin nan da aka riƙa kai ƙyallayen da suka taɓa jikinsa ga marasa lafiya a Afisa, daga baya ya bar Tarofimas kwance ba lafiya a Militas, ya kuma shawarci Timoti ya sha ruwan inabi kaɗan saboda ciwon cikinsa. Ƙarƙashin duk wannan akwai tsoro guda, tsoro mai kyau: idan kowa zai iya tashi ya ce Ubangiji ya gaya mini, ina amfanin Littafin da aka rufe?

Wannan tsoro yana da tarihi. Lokacin da Kalbin ya fitar da babban littafinsa na koyarwa a 1536, abokan gardamarsa na Roma suna cewa, in koyarwarku gaskiya ce, ina mu'ujizanku? Ya amsa musu a wasiƙarsa ga sarkin Faransa cewa ba sabuwar bishara suka kawo ba, bisharar manzanni ce, kuma mu'ujizan manzanni sun riga sun tabbatar da ita. Amsa ce ta fagen fama, ta kuma yi aikinta. Daga baya Benjamin Warfield na Princeton ya mayar da ita cikakken tsari a littafinsa na 1918, John MacArthur kuma ya kai ta ƙarshe a taron da ya kira a Kalifoniya a 2013. Mu ma a nan muna da namu dalilin. Rowland Bingham, wanda ya kafa ƙungiyar mishan ta SIM, ya iso gaɓar Legas a 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent. Kafin 1894 ta fita, ciwo ya kashe su biyun, ɗaya a Girku, ɗaya a Bida. Bingham bai ce Allah ya daina warkarwa ba, amma daga baya ya rubuta littafi yana ƙalubalantar koyarwar da ke cewa kowane mai bi an lamunce masa waraka in dai bangaskiyarsa ta kai. Mishan ɗin da suka haife mu sun zo da ɗakin magani, makaranta da Littafi, wanda aka kammala juya shi zuwa Hausa a 1932. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba na ganin laifinsu.

Amma fa tsoro daban, aya daban. Da na zauna na nemi ayar da ta ce baye-bayen nan za su tsaya da mutuwar manzo na ƙarshe, ban same ta ba. Wurin da aka fi nuna mana shi ne 1 Korintiyawa 13, inda Bulus ya ce annabci da harsuna da sani za su shuɗe sa'ad da cikakken abu ya zo. Aka koya mana cewa cikakken abin nan shi ne kammalawar Littafi. To, ku ci gaba da karatu zuwa aya 12. Bulus yana maganar ranar da za a ga juna ido da ido, ranar da mutum zai san Allah kamar yadda Allah ya san shi. Wa a cikinmu ya kai nan? Ni dai ina da Littafi sukutum a hannuna, amma har yanzu lalube nake yi. Richard Gaffin, wanda yake cikin manyan malaman 'yan ta-ƙare, shi ma ya yarda cewa wannan wuri dawowar Almasihu yake nufi. Haka kuma ranar Fentikos, da Bitrus ya jawo annabcin Yowel, ya ɗora mafarkai da wahayi da annabcin 'ya'ya maza da mata a kan kwanakin ƙarshe. In har muna wa'azi kowace Lahadi cewa muna cikin kwanakin ƙarshe, da wane baki za mu ce alkawarin kwanakin ƙarshe ya wuce mu?

Batun harsashi kuwa, na yarda da shi ɗari bisa ɗari, sai dai bai kai inda ake so ya kai ba. Babu wani manzo yau irin Bitrus ko Bulus, wanda ya ga Ubangiji bayan tashinsa, wanda maganarsa take ɗaure lamirin ikkilisiya duka. Duk wanda ya ce shi ne, ku riƙe aljihunku. Amma Korinti ba harsashi ake zubawa a cikinta kowace Lahadi ba. Talakawan masu bi ne suke tashi biyu ko uku su yi magana, kuma Bulus ya faɗi amfanin maganar a 1 Korintiyawa 14:3, wato ginawa, ƙarfafawa da ta'aziyya. Ya kuma umarta a aya 29 cewa sauran su auna abin da aka faɗa. Wa ya taɓa auna Ishaya? Wa ya ce da Musa, dakata, dattawa za su duba? Maganar da ake aunawa ba ɗaya take da maganar da ake aunawa da ita ba. Ku dubi almajiran Taya a sura 21 ta Ayyukan Manzanni: ta wurin Ruhu suka ce wa Bulus kada ya je Urushalima, ya saurare su, suka yi addu'a tare a bakin teku, ya shiga jirgi ya tafi. Bai kira su maƙaryata ba, bai kuma bi su ba. Wayne Grudem ya gina littafinsa na 1988 a kan irin wannan bambanci. Ba duk abin da ya faɗa na ɗauka ba; inda ya ce annabi Agabas ya yi ɗan kuskure a kan wanda zai ɗaure Bulus, ina ganin ya matsa wa ayar fiye da kima. Amma jigon maganarsa ya tsaya.

Tarihi ma bai ba 'yan ta-ƙare shaidar da suke so ba, ko da yake ya ba su wani abu. Yustin Shahidi a tsakiyar ƙarni na 2 ya gaya wa abokin gardamarsa Bayahude cewa baye-bayen annabci suna nan a cikin Kirista. Irenayus na Liyon, wajen shekara ta 180, ya ce yana jin labarin 'yan'uwa masu annabci da masu harsuna. A zamanin nan ne kuma Montanus ya taso a Firijiya tare da mata biyu, Biriskila da Maksimila, suna faɗuwa cikin wani irin yanayi, suna cewa ƙarshen duniya ya ƙarato. Maksimila har ta ce bayanta ba sauran annabi sai ƙarshe. Ta mutu, duniya ba ta tashi ba. Bishop-bishop suka tsorata, daga nan kuma aka fara kallon mai annabci a kaikaice. Kafin a kai ƙarshen ƙarni na 4, Yohanna Kirisostom yana wa'azi a kan 1 Korintiyawa 12 yana cewa wurin yana da duhu, domin abubuwan da ake magana a kai ba sa faruwa kuma. Wannan shaida ce ta gaske. Amma ya faɗi abin da ya gani ne a zamaninsa da garinsa, rijiya kuwa takan ƙafe ba don an hana ta ruwa daga sama ba.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Agustin, ɗan nahiyarmu, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Da ƙuruciyarsa ya rubuta cewa mu'ujizai irin na farko ba a bar su sun ci gaba ba, don kada zuciya ta saba da neman abin gani. Da ya tsufa sai ya gyara maganarsa. A littafi na 22 na Birnin Allah ya ce cikin ƙasa da shekara biyu an rubuta warkarwa kusan 70 a Hippo kaɗai. Ku lura da kalmar, an rubuta. Agustin bai ce a yi ta tafi da guɗa kawai ba. Ya sa duk wanda ya ce ya warke a rubuta labarinsa, a karanta a gaban jama'ar da suka san shi. Akwai wani saurayi da 'yar'uwarsa daga Kafadokiya masu ciwon karkarwar jiki, garin duka ya san su. Saurayin ya warke ranar Ista. Da za a karanta takardarsa, Agustin ya tsayar da su biyun a kan matakala, shi a tsaye ƙyam, ita tana ta karkarwa, don kowa ya ga yadda yake a da, ya ga yadda ya koma. Ita ma a ranar ta warke. Kuna iya yarda da labarin, kuna iya ƙi. Abin da nake nuna muku shi ne mutumin da ya buɗe ƙofa, amma ya zauna a bakinta da alƙalami.

Ko a cikin gidan da ba a san su da wannan harka ba, abin yakan ɓullo. Charles Spurgeon, babban mai wa'azin Baptis na Landan, ya ba da labarin ranar da ya nuna wani mutum a cikin taro, bai san shi ba, ya ce baduku ne, ya buɗe shagonsa ran Lahadi, ya yi cinikin kwabo tara, nai kamar yadda iyayenmu ke cewa, ya ci ribar kwabo huɗu. Haka kuwa aka yi, mutumin ya tuba. Spurgeon bai kira wannan annabci ba, bai kuma buga allon talla ba. Na tabbata a ɗakin nan akwai waɗanda in aka bi labarin yadda gidansu ya karɓi bishara, sai an tarar da mafarki a ciki. Muna ba da irin wannan shaida a Zumuntar Mata, mu ce Allah ya nuna mini, Allah ya sa a zuciyata, sannan mu hau bagade mu ce ya daina.

Nahiyar nan kuwa, in ka cire annabawa daga tarihin ikkilisiyarta, ka yage rabin littafin. William Wade Harris, mutumin Laberiya, ya bi gaɓar Kwaddibuwa da Gana tsakanin 1913 da 1915 da farar riga, gicciyen gora, ƙoƙon ruwa da Littafi. An ƙiyasta ya yi wa mutum wajen 100,000 baftisma. Abin da ya gaya musu shi ne su gina ɗakunan sujada su jira masu zuwa su koya musu Littafin. Da wani ɗan mishan na Methodist, William Platt, ya isa a 1924, ya tarar da su suna jira. Garrick Braide a yankin Neja Dalta ya sa mutane suka zubar da gumaka suka bar giya, har kuɗin shigar gwamnatin Turawa ya girgiza, aka ɗaure shi a 1916. Joseph Ayo Babalola, direban motar daɓe hanya, ya ta da farkawar Ilesha a 1930. Abin mamaki, wajen 1940 mutanensa suka rabu da 'yan mishan na Ingila saboda Turawan suna shan kwinin, su kuwa sun ce shan magani rashin bangaskiya ne. Ga shi nan, abin da Bingham ya ji tsoro da abin da Harris ya yi, duk a buhu ɗaya. A 2011 cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta 'yan Fentikos da makamantansu sun haura miliyan 580, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na Kiristan duniya. Yawa ba hujja ba ne. Amma wanda zai ce duk wannan ruɗu ne ko aikin Shaiɗan, sai ya yi a hankali da bakinsa.

To, matsayina ke nan: ban ga inda Allah ya janye baye-bayensa ba. 'Yan tana-nan, na ga kuna murmushi. Ku dakata, yanzu na iso ƙofarku.

Abin da ya ƙare a cikinmu shi ne awo. Bulus ya haɗa umarni biyu wuri ɗaya a 1 Tasalonikawa 5, cewa kada a raina annabci, kuma a gwada kome. Mun raba ayar biyu kamar gado, wani gida ya ɗauki rabi, wani ya ɗauki rabi, kowa yana tutiya da nasa. Akwai wani ɗan littafi na Kiristan farko da ake kira Didake, wanda aka gano kwafinsa a Istanbul a 1873. Mutanen da suka rubuta shi sun yarda da annabawa ƙwarai, har sun ce wanda ya tabbata na gaskiya a ba shi nunan fari. Amma ku ji dokarsu ga baƙo mai yawon hidima: kwana ɗaya, in ta matsa biyu, in ya kai uku na ƙarya ne. In zai tafi a ba shi guzurin abinci kawai, in ya nemi kuɗi na ƙarya ne. In ya ce Ruhu ya ce a shirya abinci, sannan ya zauna ya ci, na ƙarya ne. Ku ɗauki wannan ma'auni ku zaga garin nan da shi ran Jumma'a da dare, ku dawo ku gaya mini nawa suka tsira. Yau sai ka sayi kati kafin ka ga bawan Allah, ga mai na shafewa a kwalba da farashinsa, ga ruwa, ga ƙyalle. Elisha ya ƙi kyautar Na'aman, Gehazi ya bi ta a guje, kun san yadda ya ƙare. Bitrus ya la'anci kuɗin Siman a Samariya. Mu kuwa mun raɗa wa abin suna shuka iri.

Mu faɗa wa juna gaskiya, abin da yake kai mutanenmu wurin annabi shi ne abin da ya kai kakanninmu wurin boka da mai duba. Wa ya yi mini? Wa ya tare mini hanya? Boka ba ya taɓa cewa ba kowa, domin in ya ce haka ya rasa ciniki. Kullum akwai mai laifi, kuma kullum na kusa ne, kishiya, suruka, baba, ko ƙaramin yaro maraya da ba shi da mai tsaya masa. Wanda ya tsaya a bagade yana wannan aiki, rigar kawai ya canza. Matar nan tawa ta ruɗe ne don an faɗi sunan ƙauyensu. Da na san Littafina yadda ya kamata, da na kai ta Ayyukan Manzanni 16, inda wata baiwa a Filibi take bin Bulus tana faɗar gaskiya tsantsa a kansa, da ruhun duba, tana kuma samo wa iyayengijinta kuɗi. Da na kai ta Maimaitawar Shari'a. Sura 18 ta ce in maganar ba ta cika ba, ba daga Ubangiji take ba. Sura 13 ta ƙara da cewa ko ta cika, in tana janye ka daga bin Allah, kada ka saurara. Sanin asiri bai isa shaida ba, balle a zamanin da ƙawarki za ta iya ba da labarinki tun kafin ki zauna, ko a leƙa Facebook a ga garinku da sunan mahaifiyarki.

Sura 18 ɗin ma wa yake aiki da ita? Kowane daren 31 ga Disamba ana zubo annabce-annabcen sabuwar shekara, wane zai mutu, wane zai ci zaɓe. In Disamba ta zagayo, ba mai ɗauko na bara ya duba. A Amurka, masu kiran kansu annabawa da yawa sun ce Donald Trump zai zarce a zaɓen 2020. Bai zarce ba. Ɗaya daga cikinsu, Jeremiah Johnson, ya fito a Janairu 2021 ya nemi gafara, sai ga zagi da barazana daga Kirista 'yan'uwansa. Ba su yi fushi don ya yi kuskure ba, sun yi fushi don ya amsa. Inda aka kai ga haka, ƙarshen hanyar sananne ne. A Kanungu ta Yuganda, a Maris 2000, ƙungiyar da aka gina a kan wahayi ta ci rayuka fiye da 700. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023, an tono gawarwaki fiye da 400 na mutanen da aka ce su yi azumi har su sadu da Yesu, da yara a ciki. Ba a dare ɗaya aka isa can ba. An fara ne ranar da wani ya yi tambaya aka ce masa kada ka taɓa shafaffe na Ubangiji, ya yi shiru.

Harsuna ba zan daɗe a kansu ba. Charles Parham, wanda a makarantarsa ta Topeka abin ya fara a Janairu 1901, ya gaskata harsunan mutane ne na gaske, har 'yan mishan ba sa bukatar koyon yare. Alfred Garr ya fito daga farkawar titin Azusa ta 1906 ya tafi Indiya yana zaton zai yi wa'azi da Bengali, ya tarar ba mai jin sa. Wannan ya isa ya koya mana sassauta murya. Bulus ya ce kada a hana harsuna, ni ma ba zan hana ba. Amma shi ɗin ne ya ce a taro mutum biyu ko uku, bi da bi, da mai fassara, in babu a yi shiru. Ikkilisiyar da mutum 500 suke yi gaba ɗaya a lasifika, sannan a ce wanda bai yi ba bai karɓi Ruhu ba, ba ta fi mai hanawa biyayya ba.

Iyayena Fastoci na tsofaffin ikkilisiyoyi, kada mu wanke hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Yakubu 5 ta ce marar lafiya ya kira dattawa su yi masa addu'a su shafa masa mai. Yaushe rabon da dattawanmu su yi haka? Mutum ya zo da mafarkin da ya hana shi barci, mu ce ba ma yin wannan a nan. To, zai je inda ake yi. Da safe namu ne, da dare na wani ne, baiko kuma a raba biyu.

Abin da nake roƙo ƙarami ne, ba ya bukatar kuɗi. Muna da littafin baiko, littafin baftisma, rajistar aure, sakatare yana rubuta ko nawa aka kashe a kan buhun siminti. A ƙara littafi ɗaya. Duk wanda ya ce Ubangiji ya ba shi magana domin ikkilisiya ko domin wani, ya kawo wa dattawa, a rubuta ranar, a rubuta kalmomin yadda ya faɗe su, ya sa hannu. A gwada da Littafi Mai Tsarki, a dubi zaman mutumin da iyalinsa da maƙwabtansa, a sa mata masu hankali a cikin masu dubawa, domin su ne suka fi sanin abin da ke gudana. In lokaci ya yi a buɗe a karanta. Wanda maganarsa ta faɗi ƙasa ya tashi a inda ya yi ta ya ce na yi kuskure, a karɓe shi da ƙauna, ya zauna ya huta. Wanda ya ce ya warke, a gode wa Allah, a kuma ce ya koma asibiti a duba kafin ya ajiye magani. Katolika a Lourdes ta Faransa suna da ofishin likitoci tun 1883. Cikin mutum fiye da 7,000 da suka ce sun warke, 70 da 'yan kai kawai aka amince da su a matsayin mu'ujiza, kuma ban ji an ce wannan ya kore musu mahajjata ba. Maganar da ta kira sunan wani da maita kuwa, ko ta ce a saki aure, ko a daina magani, ko a kawo kuɗi, wannan ba ta bukatar jiran lokaci.

Matar nan da na fara ba ku labarinta, ban sake samun zama da ita ba. Kafin in farga, mijin ya mayar da mahaifiyarsa ƙauye don a zauna lafiya a gida. Bayan wata biyu na hau babur na bi tsohuwar. Na same ta a kan tabarma a gindin ɗorawa tana ɓarar gyaɗa, matar da ta yi shekara 30 a Zumuntar Mata, ita ce mai ɗaukar waƙa. Mutanen ƙauyen sun riga sun ji labari, yara ba sa zuwa kusa da ita. Na yi ta kame-kame, na karanta mata Zabura, na yi addu'a. Da na tashi tafiya ta raka ni bakin zaure, ta ce, "Fasto, ko a gaban alƙali ana kiran wanda ake ƙara. Ni ba wanda ya kira ni."